Ina shan maganin ciwo amma jikina ya mutu: tambayoyi da amsoshi kan kasala ga masu shan dangin morfin

Tambayoyin nan kusan kullum sai an maimaita su, wani ya ce tunda aka ɗora shi kan maganin bai ƙara jin ƙarfin jikinsa ba, wata ta ce barci take kamar an ɗaura mata dutse amma in ta tashi gajiyar ta fi ta jiya. Shi ne na ce bari in tattara su waje ɗaya. Abu ɗaya nake so a riƙe tun yanzu: gajiyar nan ba kala ɗaya ba ce, kuma lokacin da take zuwa maka shi ke tona asirin inda ta fito. Wata in an ƙara magani take ƙaruwa, wata in an rage, shi ya sa ƙara ƙwaya da kanka yake da haɗari sosai.

Wai waɗanne magunguna ne ma ake magana a kai?

Su ne waɗanda likitoci ke ce wa ofiyoyid, wato dangin morfin. Akwai morfin ɗin kansa, kodin, har da wanda ke cikin maganin tari, tiramadol da wasu ke ce wa tiramol, oksikodon, fetidin, metadon, bufrenofin, sai fentanil wanda ya ninka morfin ƙarfi sau 50 zuwa 100. Hodar heroyin ma 'yar gidan ce. Dukkansu waje ɗaya suke zuwa su maƙale a ƙwaƙwalwa da laka da hanji, su rage jin ciwo. Matsalar ita ce wajen da suke maƙalewar ba ciwo kaɗai yake kula da shi ba, numfashi ma nan ne, barci nan ne, motsin hanji nan ne, har da umarnin da ƙwaƙwalwa ke aikawa a haɗa sinadaran jiki. Toh ka ga ba yadda za a yi a danne ɗaya a bar sauran.

Kwana uku kenan da fara sha bayan an min tiyata, sai gyangyaɗi da jiri da tashin zuciya. Haka yake ko bai karɓe ni ba ne?

Sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Yawanci haka yake a farko. Maganin yana taɓa wajen da ke tayar da amai a ƙwaƙwalwa, yana kuma taɓa cikin kunne inda ke daidaita tsayuwar mutum, shi ya sa za ki ga in kina kwance lafiya lau amma da kin miƙe ko kin juya kai da sauri sai zuciya ta taso. Wannan jiki yana sabawa da shi, cikin 'yan kwanaki zuwa sati ɗaya ko biyu yakan lafa, in ya matsa akwai maganin hana amai da likita zai iya haɗa miki. Kar dai ki tuƙa mota a kwanakin nan. Amma in barcin ya kai ana miki magana kina ɓingirewa a tsakiyar amsa, wannan kam ya wuce sabo, dos ɗin ya miki yawa, a sanar da likita yau ba gobe ba.

Malam ni na fi wata 6 ina sha. Ina yin barci awa 9 ko 10 amma in na tashi kamar an kwana ana dukana, ga ciwon kai da safe. Meye haka?

Ɗan'uwa tsawon barci daban, kyawunsa daban. Magungunan nan suna sa mutum ya yi saurin ɓingirewa amma suna cinye barci mai nauyin nan da jiki ke gyara kansa a ciki, suna kuma rage barcin mafarki, sai ka kwana a sama-sama kana zaton ka huta.

Abin da ya fi wannan tayar min da hankali shi ne numfashi. In kana farke kai kake tuna ka ja iska ko da maganin ya danne ka, amma in ka yi barci ƙwaƙwalwa ce kaɗai ke tuƙin, ita kuma an riga an sa mata nauyi. Sai ta riƙa mantawa. Na taɓa kwana jinyar yayana lokacin da ya karye a cinya aka ɗora shi kan irin maganin nan, cikin dare na zauna ina kallon ƙirjinsa, ya ja numfashi sau huɗu ko biyar sai ya tsaya cak, ba minshari ba ƙoƙarin ja ba komai, ƙirjin kawai ya kwanta, na ƙirga har 15 a raina hannuna na kan kafaɗarsa zan girgiza shi sai ya ja wani dogo da ƙara kamar wanda ya fito daga ƙarƙashin ruwa, ya ci gaba. Haka aka yi ta yi har gari ya waye, da safe kuma ce min ya yi shi fa ya yi barci sosai kansa ne dai ke sarawa. Bai san komai ba.

In tsayawar ta kai sakan 10 ko fiye kuma tana maimaituwa, iskar oksijin na sauka a jini, gurɓatacciyar iskar da ya kamata ka fitar tana taruwa, ita ce ke kawo ciwon kan safiyar. An fi ganin haka ga masu shan dos mai yawa da masu metadon, kuma in dama kai mai jiki ne ko mai minshari abin ya haɗu biyu. Ka roƙi wanda kuke kwana ɗaki ɗaya ya kalle ka na minti 10 kana barci, ko ya ɗauke ka bidiyo a waya ka nuna wa likita. Akwai gwajin barci da ake yi musamman don wannan. Kuma dan Allah kar ka ce za ka gyara barcin da ƙwayar barci, nan ne mutane ke tafiya ba su farka ba.

Ni nawa daban ne. Kafin lokacin sha na gaba ya yi sai in ji kamar mura za ta kama ni, hamma, hanci na yoyo, gaɓoɓi na ciwo, ba na iya komai. Da na sha sai in warware garau. Wato jikina na buƙatar ƙari kenan?

A nan ne mafi yawan mutane ke ɓata hanya, don haka bari in tsaya sosai.

Abin da kake ji ba mura ba ce kuma ba wai asalin ciwonka ne ya dawo ba, jikinka ne ya saba da maganin har ya gyara zamansa a kansa, in ya fara sauka a jini sai komai ya rikice. Alamominsa sanannu ne: hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye, majina, zufa ga kuma sanyi, tsikar jiki na tashi, ƙafafu sun ƙi zama waje ɗaya, murɗawar ciki wani har da gudawa, ga fargaba da saurin fushi ba dalili. In ka duba madubi baƙin idonka ya buɗe ya yi faɗi. Ga magunguna masu gajeren zango irin su kodin da morfin na gaggawa da tiramadol abin kan fara tsakanin awa 8 zuwa 24 bayan sha na ƙarshe, wanda ya daɗe yana sha ma bai kai nan ba yake fara ji. Shi ya sa da yawa asuba ce lokacin wahalarsu, saboda dare ne tazara mafi tsawo. Mai tiramadol kuma yana da ƙarin nasa, don shi tiramadol yana aiki irin na magungunan ciwon damuwa ma, sai ka ji mutum na cewa kamar lantarki na jan sa a kai, ko hannuwa na masa tsiyaki-tsiyaki, ko tsoro kawai ya rufe shi.

Toh ka lura da tarkon: ka sha, ka yi nauyi na awa biyu uku, ka ɗan daidaita, sai ya fara sauka ka shiga wahala, ka sake sha. A rana ɗaya jikinka ya hau ya sauka sau uku ko huɗu, wa zai yi wannan bai gaji ba? In ka ƙara dos za ka ji daɗi na sati biyu ko uku, daga nan jiki ya sake sabawa, ramin ya ƙara zurfi, ka dawo inda kake sai dai yanzu ƙwayoyin sun ninka. Warwarewar da kake yi bayan ka sha ba shaidar cewa maganin na maka aiki ba ce, bashin da shi ya ɗora maka ne yake biya.

Wannan bai nufin kai ɗan ƙwaya ne ba fa. Duk wanda ya yi 'yan makonni yana sha kullum, ko da bin umarnin likita yake sau da ƙafa, jikinsa zai iya sabawa haka. Mafitar tana hannun likita: ko a daidaita lokutan sha, ko a canza zuwa wanda ke sakin kansa a hankali, ko kuma, wanda ni a ganina ya fi ga mutane da yawa, a fara saukowa sannu a hankali.

Ina jin nauyin faɗa, amma tunda na daɗe a kai sha'awar iyali ta tafi, ƙarfin ma babu, ga kasala. Yana da alaƙa?

Yana da ita sosai, kuma ba kai kaɗai ba ne, kunya ce ke hana a faɗa likitoci ma ba kowa ke tambaya ba. Ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo a haɗa sinadarin mazakuta wato testosteron, maganin kuma yana toshe saƙon tun daga sama. In ya yi ƙasa ba shimfiɗa kaɗai ke shafuwa ba, tsoka na zubewa, rai na ɓaci, mutum ya ji ba abin da ke burge shi, in aka daɗe ƙashi ma na rage ƙwari. Gwajin jini ne ke nunawa, kuma da safe ake ɗiba kafin ƙarfe 10 ko 11 don lokacin ne ya fi yawa a jini, in ka je da yamma sakamakon zai iya ruɗar da ku. Sau da yawa in aka rage maganin ko aka daina yana dawowa.

'Yan'uwa mata ku ma ya shafe ku, al'ada kan rikice ko ta ɗauke gaba ɗaya, ga rashin sha'awa da kasalar. Amma ɗaukewarta bai nufin ciki ba zai shiga ba, a fara da gwajin ciki tukuna.

Ni jiri nake in na miƙe, ba na son abinci, ina ta ramewa, ƙaramar rashin lafiya ma sai ta kwantar da ni.

Wannan ya kamata a duba sinadarin kotisol. Wasu 'yan halittu biyu ne a saman ƙoda ke haɗa shi, shi ke riƙe maka bugun jini da suga, shi ke ba jiki ƙarfin jure zazzaɓi ko rauni. Doguwar mu'amala da ofiyoyid kan iya sa ya yi ƙasa. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sa an rubuta gargaɗin wannan da na raguwar sinadaran sha'awa a takardun magungunan nan gaba ɗaya. Bai kai na testosteron yawa ba amma ya fi shi haɗari, saboda ana iya ɗaukarsa a matsayin lalaci ko damuwa har sai ranar da mutum ya yi amai da gudawa jininsa ya faɗi. Shi ma da sassafe ake ɗibar jinin, wajen ƙarfe 8.

Kwana 4 ban yi bahaya ba. Wannan ma zai iya sa ni jin ba daɗi?

Ƙwarai kuwa. Ciki ya cushe, tashin zuciya, ba ka iya ci, ba ka ci ba kuma ina ƙarfi zai fito? Ga tsofaffi har ruɗewa yake kawowa. Shi kuma wannan jiki ba ya taɓa sabawa da shi, muddin kana sha hanjin a hankali zai riƙa motsi. Shan ruwa da motsa jiki na taimakawa amma ba kasafai suke isa ba, yawanci sai an haɗa da maganin sassauta ciki irin su sena ko laktulos tun ranar da aka fara. In ciki ya kumbura, ga amai, ko tusa ba ta fita, asibiti kai tsaye.

Ina haɗa shi da wasu magungunan, ko daga nan ne?

Zai iya zama nan ne ma gaba ɗaya. Duk abin da ke sa barci in ya haɗu da ofiyoyid ninka juna suke yi: diyazefam da 'yan'uwansa, firegabalin, gabafentin, amitiriftilin, magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa gyangyaɗi irin su furometazin, sai giya. Haɗin ofiyoyid da dangin diyazefam har gargaɗi mafi girma FDA ta sa masa a 2016, a 2019 kuma ta yi gargaɗi kan gabafentin da firegabalin saboda matsalar numfashi.

Tiramadol kuma sai an ware shi a yi maganarsa daban don ana raina shi ana cewa ai mai sauƙi ne. Iyakarsa ga babba mai lafiyar ƙoda da hanta miligiram 400 ne a awa 24, in an wuce haɗarin jijjiga irin ta farfaɗiya na ƙaruwa, wasu ma ba su kai nan ba take kama su. Yana iya sauke suga a jini mutum ya ji karkarwa da zufa da duhu-duhu a ido, yana iya sauke gishirin jini ya kawo kasala da ruɗewa musamman ga tsofaffi. In kuma aka haɗa shi da maganin damuwa irin fuluwoksetin ko satralin sinadarin serotonin, mai kai saƙo tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kan iya yin yawa, mutum ya kasa zama, jiki na rawa, tsoka na fizga, zufa, zazzaɓi, gudawa. Wannan na gaggawa ne.

Ni da ƙanina kodin iri ɗaya aka ba mu, shi ko a jikinsa, ni kuwa ya kwantar da ni. Me ya sa?

Kodin shi kansa ba wani ƙarfi gare shi ba, sai hanta ta juya wani kaso nasa zuwa morfin sannan yake aiki, kuma gado ne ke yanke saurin juyawar. Wani hantarsa kusan ba ta juyawa, ya sha a banza sai dai taurin ciki, wani kuma tana juyawa da gudu, dos ɗan kaɗan ya zame masa mai yawa. Masu saurin nan an fi samunsu cikin mutanen Habasha da Arewacin Afirka da Larabawa, amma ko'ina akwai su. Dalilin kenan da aka hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin, aka kuma ce mai shayarwa ta guje shi. Tiramadol ma ta hanyar nan yake bi.

Sai ƙoda. Ragowar morfin ta fitsari take fita, in ƙoda ta yi rauni ko mutum ya bushe saboda amai ko gudawa sai ta taru, dos ɗin da Baba ya shekara yana sha lafiya ya dawo yana sa shi barci da sambatu da fizgar hannu. Metadon shi kuma taruwa yake a hankali, yau aka ƙara maka amma sai bayan kwanaki za ka ji cikakken nauyinsa. Mai manna filastar fentanil ta awa 72 ya kiyayi zafi, ruwan wanka mai zafi sosai ko zazzaɓi ko ɗora abin ɗumi a wajen na sa maganin ya shiga jini fiye da ƙima.

Ana ƙara min dos amma ciwon yaɗuwa ma yake, yanzu ko taɓa ni aka yi zafi nake ji.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Akwai yanayin da maganin da kansa ke sa jijiyoyi su ƙara jin ciwo, alamarsa ciwon ya bar inda yake ya bazu ko'ina kuma ƙari ba ya taimakawa. Ragewa ko canza magani ne gyaransa, ƙarƙashin likita.

To ko dai ba maganin ba ne kwata-kwata?

Tambaya mai kyau, don wani lokacin ana ɗora wa maganin laifi a bar ɓarawon na gaskiya. Ƙarancin jini, ciwon suga, raunin tayirod (wata 'yar halitta a gaban wuya mai daidaita kuzarin jiki), ciwon ƙoda, ciwon damuwa, ko cutar da ta sa aka ba ka maganin tun farko, duk suna kawo kasala. Ciwo mai daɗewa shi kansa gajiya ne, ga zaman waje ɗaya da ke cinye tsoka.

Biyu nake so in ja kunne a kansu. In ƙwayarka haɗin kodin ko tiramadol da farasitamol ce, duk ƙarin da ka yi hantarka ce ke biya. Iyakar farasitamol giram 4 ne a rana, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma lalacewar hanta da kasala da tashin zuciya take farawa kafin ido ya yi rawaya. Na biyu masu yin allura da kansu: zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da zufar dare da haki na iya zama ƙwayar cuta ce ta kama bawul ɗin zuciya, ga ciwon hanta nau'in B da C da HIV da kan daɗe ba abin da suke nunawa sai gajiya. A yi gwaji.

Na gaji wallahi, in watsar da shi gobe kawai?

A'a, dan Allah kar ka yi. In ka daɗe kana sha ka yanke lokaci ɗaya, wahalar da na faɗa a sama za ta zo maka gaba ɗaya, ta fi tsanani a kwana na 2 da na 3, yawanci mutum ba ya jurewa sai ya koma, komawar kuma ita ce mai kisa saboda 'yan kwanakin nan sun isa jiki ya fara manta sabonsa, tsohon dos ɗinka ya zama ya fi ƙarfinka. Jagorar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar a 2022 ta ce wanda ya shekara ko fiye yana sha ya fi jure ragin kusan kashi 10 cikin 100 a wata, wanda bai daɗe ba ana iya saurin fin haka. Mai juna biyu ita kam kar ta kuskura ta yanke da kanta, cikin zai iya shafuwa. In kuma ka ga abin ya fi ƙarfinka, kana so ka daina ka kasa, akwai magani na musamman da bufrenofin ko metadon, jinya ce kamar kowace jinya.

Ka kuma sa a ranka cewa ko bayan an gama ragewa kasala da rashin barci kan ɗan ja makonni kafin jiki ya dawo daidai.

Yaya zan gane barcin gajiya ne ko mutum tafiya yake?

Ka kira sunansa da ƙarfi, ka girgiza shi, ka murza ƙashin ƙirjinsa da gaɓoɓin yatsunka. In bai farka ba, ko ya buɗe ido ya koma nan take, duba numfashi. Lafiyayyen babba na ja sau 12 zuwa 20 a minti, in ka ƙirga ka ga 8 ko ƙasa, ko yana wani irin minshari mai gargara kamar ana shaƙe shi, lokaci ya ƙure. Ɗaga fatar idonsa za ka ga baƙin ya tsuke kamar kan allura. Leɓe da dasashi da farce su yi toka-toka ko shuɗi, jiki ya yi sanyi da danshi. Kar ka ce a bar shi ya yi barci zai warware, kar a watsa masa ruwa ko a ɗura masa wani abu a baki. A nemi motar asibiti nan take, in ba ya numfashi a hura masa iska baki da baki, in yana yi a kwantar da shi ta gefe don kar amai ya shaƙe shi. In akwai nalokson, wato maganin da ke warware aikin ofiyoyid a jiki, na fesawa a hanci ko na allura, a ba shi, in minti 2 zuwa 3 ya wuce bai motsa ba a ƙara. Ko ya farka ya ce lafiyarsa ƙalau sai an kai shi, don aikin nalokson minti 30 zuwa 90 ne, ofiyoyid ɗin kuma zai iya fin haka daɗewa a jiki ya sake danne shi.

In zan je ganin likita me zan ce masa? Ni fa gaskiya ba likita ne ya rubuta min ba.

Ka je ɗin dai, kuma ka faɗi ainihin adadin da kake sha, in 6 ne kar ka ce 2, don da lissafin da ka ba shi zai tsara ragin, in ka rage masa kai za ka sha wuya. Ka zuba duk abin da kake sha a leda ka tafi da shi da kwalayensa, har na mura da na barci da na gargajiya. Kafin ranar ka ɗauki kwana 5 ko 7 kana rubutawa a waya: ƙarfe nawa ka sha, nawa ka sha, ƙarfe nawa kasalar ta fi tsanani. In awa ɗaya ko biyu bayan sha take zuwa, nauyin magani ne. In dab da lokacin sha na gaba ne da hamma da majina, saukarsa ce. In da safe ne da ciwon kai, a duba numfashin dare. In kuma ba ruwanta da agogo, safe da yamma duk ɗaya, sai ka roƙi a ɗibi jini da safe a duba yawan jini, suga, ƙoda, hanta, gishirin jini, tayirod, testosteron da kotisol, sannan ka tambaye shi ko zai rubuta maka nalokson ka ajiye a gida, ka kuma nuna wa wanda kuke kwana tare inda ka ajiye shi da yadda ake amfani da shi.